Kunnuwa Biyu, Duk na Hagu

Makon jiya ruwa ya ritsa da ni a Funtua, a wurin aikin autata Hauwa. Man shanu kawai na je miƙa mata, saƙon uwarta, ban yi niyyar zama ba. Sai gabas ta haɗe baƙi ƙirin, iska ta ɗebo ledoji ta watsa sama, kafin in kai bakin ƙofa an tsuge. Hauwa ta jawo mini kujera ta ce, "Baba, yau dai ka kamu. Zauna."

Ita ce mai kula da ɗakin kwamfuta na wata makaranta a can. Na zauna ina jin ruwa na dukan kwano, ita kuma ta tsare allo da ido tana ta tsaki. Na ce, "Ke lafiya? Wa ya taɓa ki?" Ta ce wani fayil take son saukewa daga intanet, darussan ɗalibai ne da bidiyo a ciki, gobe da safe ake bukatarsa, tun hantsi take fama.

"To ki sauke mana. Me ya riƙe shi?"

"Baba, a nan ba kai tsaye muke ɗauko abu ba. Akwai wata na'ura tsakaninmu da waje, furoksi ake ce mata. Ita za ka gaya wa abin da kake so, ta je ta karɓo ta miƙo maka. To an yi mata iyaka, abin da ya wuce wani girma ba ta ɗauka, ko da shugaban makaranta ne ya aike ta. Wannan kuwa ya yi mata girma nesa ba kusa ba."

"Sai yaya ke nan?"

"Sai in roƙe shi gunduwa-gunduwa. Ga su nan, na ɗaya, na biyu, har sha biyu. In sun cika in haɗa su a jere. Na tara ne ya katse da aka ɗauke wuta, kuma in babu shi sauran sha ɗayan ba su da amfani, ko buɗewa ba zai yi ba."

Na yi dariya har da tari. Na ce, "Wallahi na san furoksin nan naku. Bulus ne ya dawo duniya." Ba ta gane ba, kuma ba laifinta, don ban taɓa ba 'ya'yana wannan labari ba. Labari ne da ban fito da kyau a cikinsa ba.

Damina ce ta bayan babban farin nan, cikin shekarun saba'in. Ƙauyenmu yana tsakanin Bakori da Malumfashi, amma a lungu, rafi ya raba mu da titi. Da rani rafin nan yashi ne, yara na wasan langa a ciki. A waccan shekara kuwa, kamar sama na rama abin da ta hana mu bara, sai ya cika ya batse tun farkon watan bakwai, ruwa ja wur, yana tafe da kara da itatuwa, wani lokaci har da mushen akuya.

Ruwa ya wadata, abinci ne babu. Rumbunmu tun kafin ruwan shuka aka share shi da tsintsiya. Mahaifinmu ya rasu shekara biyu kafin nan, gida ya rage ni da Inna da ƙannena mata biyu. Sau ɗaya ake ɗora tukunya, da yamma. Inna za ta tafasa ganyen tafasa ko rama, ta zuba ɗan tsaki ko garin rogo don dai a ce an sa hatsi, ta raba da ludayi tana kallon kowane kwano. Nata kullum shi ne ƙarshe, kuma kullum sai ta ce ta ɗanɗana wurin dahuwa ta ƙoshi. Itace jiƙaƙƙe, hayaƙi ya cika gida, tufafi ba sa bushewa, ko'ina warin danshi. Da safe ka sha ruwan kanwa mai ɗumi ka ɗauki fartanya. Kafin azahar, in ka miƙe daga duƙe sai ka ga gari ya yi duhu na ɗan lokaci.

Amma dawa ta yi kyau. Kai, ban taɓa ganin dawa ta fito irin ta shekarar ba, baƙa siɗik don ƙoshi, ga ta har gwiwa. Saura huɗa kawai, a jawo ƙasa a rufe mata gindi a kashe ciyawa. In ba a yi ba, ciyawa ta cinye ta, iskar watan takwas ta kwantar da sauran. Gonar kuwa ta mutum huɗu ce lokacin da mahaifinmu ke da rai da ƙarfi, yanzu ni kaɗai ne namiji, ga yunwa. Da garmar hannu ba zan gama ba sai lokaci ya wuce.

Yayana Musa yana aiki a gidan gurzar auduga a Funtua. Shi ya aiko cewa ya samo mana garmar shanu, sabuwa fil, irin waɗanda aka fara kawowa lokacin, zai sa a mota a sauke ta a bakin rafi. Na ruga wurin Kawu Hassan, ƙanin Inna, mai shanun noma bijimai huɗu da garma ɗaya. Ya ce zai ba ni biyu kwana uku, Talata zuwa Alhamis, ba ƙari, don mutane na layi. Na dawo gida ina jin kamar an riga an yi girbi.

To ga rafi, ga kuma Bulus.

Baba Bulus Mai Fito muke ce masa. Kirista ne daga unguwar mishan da ke gabas da mu, gajere, baƙi, ƙirji kamar turmi. Ba shi da jirgi. Gora gare shi babba da yake kwanciya a kai yana iyo, sai wani ƙaton masaki, wato babbar ƙwarya, da yake turawa a gabansa. Mutum zai riƙe gefen gora Bulus ya ja shi, kaya kuma a cikin masaki. Duk abin da zai shigo ƙauyuka huɗu na wannan ƙetare, daga gishiri har maganin asibiti, ta hannunsa yake bi. Kai ba ka zuwa ka ɗauko, shi zai je ya ɗauko maka.

Dokarsa ɗaya ce, kuma ban taɓa ganin ya karya ta ba. Abin da ya shiga bakin masaki ya zauna daram, ya ƙetare. Abin da bai shiga ba, a rage shi ko ya jira rani. Buhun takin zamani sai an farke an raba biyu. Na ga ɗan aiken dagaci ya zo da garwar kananzir yana ta cika baki, Bulus ya ce masa, "Ka gaida mai gari, ka ce masa masakin bai san sarauta ba." Sai da aka juye kananzir a kwalabe. Yana kuma da tsari: marasa lafiya masu zuwa asibitin Malumfashi su ne farko, sai abinci, sai taki, ƙarfe shi ne ƙarshe, kuma guda ɗaya a kowace tafiya, an naɗe shi da tsumma kada ya fasa masaki. In ya ga kumfa ta fara sauko da yawa ya san an yi ruwa a sama, ya fito ya zauna, ko wa ke jira. Ranar Lahadi kuma ba ya taɓa ruwa sai an tashi sujada.

Yaya Musa ya san halinsa, don haka da ya kawo garmar ranar Alhamis sai ya kwance ta a can ƙetare a gindin wata ɗorawa, inda matar Bulus ke tsaron kayan mutane. Ya sa alli ya yi wa kowane ƙarfe alama. Ya ɗaga mini hannu daga can yana ihu, ruwa ya cinye rabin maganar, abin da na ji kawai shi ne, "Guda bakwai! Ka ƙirga!" Sifana da noti ya ƙulle su a hularsa, su suka fara ƙetarowa.

Haka na koma ɗan bakin rafi. In tashi daga gona da la'asar in je in tsuguna. Ranar Alhamis hancin garma ya iso, da ƙaramar tayar gaba. Juma'a hannuwa biyu, ɗaya bayan ɗaya. Asabar aka kawo kunne ɗaya, wato faifan ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke watsa ƙasa gefe, garma tana da biyu, na dama da na hagu. Na ce, "Baba Bulus, don girman Allah, kunnuwan nan da ka haɗa su ka kawo tare, ai ba wani nauyi gare su ba."

Ya share ruwa daga fuska ya ce, "Sale, kai za ka shiga ruwan ko ni?"

"Kai ne, Baba."

"To rufe mini baki."

Kafin ya koma kumfa ta sauko, ya fito ya zauna a kan dutse yana shan taba. Ranar nan na zage shi a zuci zagin da ban taɓa yi wa babba ba. Aka kwana ana ruwa. Lahadi sai bayan azahar kunne na biyu ya iso. Litinin da sassafe, da ruwa ya ɗan kwanta, ya kawo doguwar sandar ƙarfen da komai ke ɗaure a jikinta, ita kaɗai ya yarda ya gicciya a bakin masaki, ba komai a ciki, yana tafe a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na ƙirga, bakwai cif. Na yi masa godiya, na ɗauka an gama.

Talata da safe na je na koro shanun Kawu. Na shimfiɗa buhu a ƙofar gida na fara ɗaurawa, maƙwabta sun kewaye ni, don garmar shanu ba kowane gida ke da ita ba. Sanda, hanci, taya, hannuwa, komai ya zauna. Kunnen hagu ya shiga, na ɗaure. Na ɗauko ɗayan na kai dama, ramukan noti suka ƙi haɗuwa. Na juya shi, suka haɗu, amma lanƙwasar ta kalli ciki. Wani ya ce kifa shi. Na kifa. Wani ya ce a'a, ta baya ake sawa. Gumi ya fara karyo mini. Inna da ke leƙe daga zaure ta ce, "Sale, ni ban san ƙarfe ba, amma wannan takalmin ƙafa ɗaya ne aka ba ka guda biyu."

Gaskiyarta. Duka biyun na hagu ne. Da kunne ɗaya garma ba ta huɗa, sai dai ta watsa ƙasa gefe guda ta karkace ta bi ta kan shuka.

Na tafi bakin rafi a fusace. Bulus ya saurare ni har na gama, sannan ya ce garma biyu ce ta ƙetare a makon, iri ɗaya, launi ɗaya, a gindin ɗorawa ɗaya. Ruwan daren Asabar ya wanke allin tas. Ya ce, "Laifin nawa ne, ban duba ba, na karɓa. Amma abin bai yi nisa ba. Ɗayar garmar ta surukinka ce. Shi yana can da na dama biyu. Tafiyar rabin sa'a ce, je ka musanya ka dawo kafin shanu su gama kiwo."

Da ya ce mini ta faɗa ruwa da ya fi mini sauƙi.

Ban faɗi maganar matata ba tun ɗazu, to ga ta. Asabe, uwar su Hauwa, tana da cikin fari a lokacin. Al'ada ce mace ta koma gidansu goyon ciki in haihuwa ta matso, amma ita tun cikin yana wata biyar mahaifinta ya aiko aka tafi da ita. An ce al'ada ce. Kowa ya san ba al'ada ba ce, an ga ta fara ramewa ne a gidana, su kuwa suna da sauran tsohuwar dawa a rumbu. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Wata biyu cur ban taka ƙauyensu ba. Miji yakan aika da hatsi, da ɗan mai, da itacen wankan jego. Ni ko tiya ɗaya ban aika ba, don babu. Itacen kam na sara na tara a bayan ɗaki, amma na kasa kaiwa, ina ganin yaya zan shiga gidan mutane da itace tsura kamar mai talla. Kullum sai in ce bari dai a ɗan samu wani abu. Kwana ya yi ta tafiya, kunyar tana ƙaruwa, har ta zama ko hanyar garin ba na son kallo.

Shi kuwa tsohon, ko yanzu da ya daɗe a ƙasa bakina ba ya iya kiran sunansa. Mutum ne mai shiru, manomi na gaske, shi kaɗai ya fitar da shanunsa biyu daga farin nan da rai, da harawa da ƙaiƙayi. Tun da na auri 'yarsa ba mu taɓa haɗa ido ba. In na hango shi a kasuwa sai in canza layi.

Sai na yi dabara, irin dabarar da yunwa da girman kai ke haifarwa. Laraba na ɗauki kunne ɗaya na nufi maƙera wurin Tanko. Na ce ya sa shi a wuta ya juya lanƙwasar ta koma dama, ya huda sababbin ramuka. Tanko ya ƙwanƙwasa shi da guduma ya saurari ƙarar, ya ce, "Sale, wannan ba fartanya ba ce. Ƙarfen kamfani ne, an riga an ba shi ruwa. In na matsa masa zai tsage."

"Kai dai gwada."

"Na wa ne ma tukuna?"

"Nawa ne," na ce. Ƙarya na yi, kuma na san ƙarya ce, don ɗaya daga cikin biyun ba nawa ba ne.

Ni na ja zuga-zugi da kaina. Ƙarfe ya yi ja, Tanko ya fara bugu a hankali, ya fara miƙewa, har na fara murna. A wuta ta biyu, da ya juya shi ya ɗora guduma, sai muka ji ƙas. Tsaga ta bi tun daga ramin noti har baki. Tanko ya ajiye guduma. Na naɗe shi a buhu tun yana da ɗumi.

Hauwa, da nata guntun ya katse, sake roƙonsa kawai ta yi. Kafin ruwan ranar ya ɗauke ya iso, na'urar ta gwada kowane guntu da wata lamba da aka aiko tare da shi ta ce duk daidai ne, ta haɗe su, bidiyo ya fara magana. Ban ce zamaninsu ya fi sauƙi ba, na ga yadda ta yini ba ta ci abinci ba a kan abin. Amma ni nawa ba a sake roƙonsa. Inda Yaya Musa ya samo garmar sun ƙare, wani kunnen sai bayan kaka. Gidaje biyu, garma biyu sababbi, na mayar da su garma ɗaya da hannuna.

Alhamis na yini a ɗaki na ce zazzaɓi nake yi. Shanun Kawu suna ɗaure a ƙofar gida suna tuƙa. Da yamma ya zo da kansa ya kwance su. Ya leƙo ya ce, "Sale, na gode, shanuna sun huta kwana uku." Ya kora abinsa.

Juma'a da asuba Inna ta tsaya a bakin ƙofata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Tashi ka ɗauki itacen nan da ƙarafan nan ka tafi. In ba ka je ba ni zan je, da tsufana, in durƙusa wa mutumin nan in ce na haifi ɗan da ba ya iya ba da haƙuri."

Na ɗaure itace dami guda, na ɗora kunnuwan biyu a sama, mai kyau da fasasshe. Hanyar duk taɓo, ciyawa ta jiƙa ni har ƙugu. Tun daga bakin garin na cire takalmi. Na sauke kaya a ƙofar zaure na tsuguna, kaina a ƙasa. Wadda ta fara fitowa Kaka Yalwa ce, mahaifiyar tsohon, kakar Asabe, wadda muke wasa da ita tana ce mini mijinta.

"La'ilaha! Wa nake gani kamar mijina? Ashe kana raye? Ni na ɗauka Bulus ya sake ka a tsakiyar rafi. Wata biyu ba cefane, yau ka zo mini da itace, in dafa itacen in ci?"

Da wata rana ce da na rama. Ranar nan sai na ƙara sunkuyar da kai. Ta dube ni da kyau, ta daina dariya. Ta rage murya ta ce, "Tun Litinin ya san kunnen yana wurinka. Na ce a aika a karɓo, ya ce a'a, a bar yaron, zai zo da ƙafarsa, yarinyar nan ta gan shi ko ta daina kuka a ɓoye."

Wato kwana huɗu ya ajiye shanunsa da gonarsa yana jirana, ni kuwa ina can ina ƙona masa ƙarfe.

Yana zaune a cikin zaure a kan buzu. Na gaishe shi daga waje, ya amsa yana kallon bango. Kaka Yalwa ta kwance buhun ta ajiye kunnuwan a gabansa. Ya ɗauki fasasshen, ya juya, ya bi tsagar da babban yatsa tun daga sama har ƙasa. Na ce, "Ni na kai wa maƙeri. An hana ni, na ƙi ji. Ga mai kyan nan, a haɗa ta nan gidan. Ni zan yi tawa da hannu."

Da zai yi magana, da mahaifiyarsa ya yi.

"Iya, tambayi yaron, shanun kawunsa suna nan?"

"An karɓe jiya," na ce wa Kaka Yalwa, ita kuma ta maimaita masa kamar bai ji ba.

Ya tashi ya fito ƙofar zaure, ni na matsa gefe. Ya dubi gabas, ya dubi kudu, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Iya, a haɗa guda. In an sauko Juma'a za a fara da gonarsu."

Tsohuwa ta ce, "Kai kuwa! Tasu tudu ce, taka laka ce. Marka na bisa hanya, kai ka faɗa jiya da bakinka. In ta sauka shanu ba sa shiga gonarka."

"Na sani, Iya. Mu muna da ɗan abin da za mu kai kaka. Su waccan gonar ce kawai, kuma can yarinyar za ta koma da abin da ta haifa."

Aka ce in shiga in gaida Asabe. Na same ta a bakin ɗakin kakarta tana tsince rama. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Malam, ka rame." Na ce ita ta yi ƙiba. Ta ce, "Ciki ne, ba ƙiba ba." Sai ta juya fuska tana share ido da gefen zane. Iyakar hirarmu ke nan, don kunya ba ta bar ni na zauna ba.

Shanunsa muryarsa kawai suka sani, don haka shi ya ja su, ni na riƙe garma. Juma'a da yamma, Asabar, Lahadi, har Litinin da hantsi. Yana gaba ina baya, tsakaninmu shanu biyu, ba mai ce wa wani uffan. In zai gyara mini riƙo sai ya ce wa bijimin, "Hankali dai, ana danne hannun dama da yawa." In sassauta. Ƙasa tana tsagewa biyu tana kwanciya a gindin dawa, baƙa, mai ƙamshi, tsutsotsi na fitowa balbelu na bin mu. Inna takan aiko masa da ruwa a ƙwarya da ɗan abin da ya samu, ya sha ruwan, ya mayar da sauran ya ce a ba yara.

Litinin da la'asar marka ta sauka. Ba ruwa mai tsawa ba, yayyafi ne mai naci, dare da rana, kwana bakwai ba a ga rana ba. Ranar Laraba ya gwada shiga gonarsa, shanu suka nutse har gwiwa, garma ta cika da laka ta ƙi motsi. Da ƙyar aka fitar da su. Ya kwance su ya mayar gida, ya ɗauko garmar hannu, mutumin da ya ba hamsin baya da nisa.

Ba wanda ya kira ni. Washegari da asuba na saɓa tawa garmar na tafi. Na same shi ya fara daga gabas, ni na fara daga yamma. Lakar nan kowane sara sai ka ɗaga ta kamar kana ɗaga dutse, ka kankare da ƙafa, ka sake. Ruwa na bin ƙeya yana gangarowa cikin riga. Ƙafafu suka yi fari suka tsattsage. Dawarsa ta gefen kwari ta riga ta fara ja saboda ruwa ya kwanta mata, muna gani, ba abin da za mu iya sai dai mu ceci ta sama.

In azahar ta yi akan kawo masa abinci daga gida. Suruki ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ko kusa, don haka kafin mai kawowa ta iso sai in ajiye garma in ce wa iska, "Bari in je gida in ci in dawo." In bi hanya har in ɓace, in shiga bayan wata tsamiya in sha ruwan kududdufi a tafin hannu, in ɗaure ciki da rawani in kwanta a kan saiwa. A gidanmu ba a ɗora tukunya sai yamma, me zan je in ci? In na ƙiyasta ya gama sai in dawo ina goge baki.

Kwana huɗu ina haka. A rana ta biyar kunyoyin da suka rage tsakaninmu ba su fi ashirin ba, har ina jin numfashinsa. Azahar ta yi, na ajiye garma, na buɗe baki zan yi ƙaryata. Sai ya yi gyaran murya. Ya ce, yana kallon dawa, "Tsamiyar nan ba ta dafa wa kowa komai."

Na fasa tafiya.

Ya buɗe akushin. Dambun tsaki ne da rama, ɗan kaɗan, wanda ko shi kaɗai ba zai ƙosar ba. Ya sa hannu ya raba biyu, ya juye rabi a murfin, ya tako ya ajiye a kan kunyar da ke gabana. Ya koma ya zauna a kan ƙotar garmarsa, ya juya mini baya, ya fuskanci gabas, ya fara ci.

Na daɗe ina kallon murfin, yayyafi na sauka a kan dambun. Sannan na tsuguna, ni ma na juya masa baya, na fuskanci yamma. Na ci ina kuka, a hankali, don kada ya ji. Na san ya ji. Bai waiwayo ba sai da ya ji na ajiye murfin.